Kujerar Gwaggo Mai Ɗinki

"Sai aljanu suka shafa bayanta, doron ya faɗi," in ji Auta, tana gaggawar ƙarasa mata.

"Wa ya gaya miki?" Gwaggo Mai Ɗinki ta ce daga kan gado, numfashinta na fita da ƙyar. "A tawa tatsuniyar ba ya faɗuwa."

Ina tsaye bakin ƙofa da ruwan ɗumin da na kawo mata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Gwaggo. Da doro aka haife ta, da shi ta tsufa a kan keken ɗinki. 'Yata Auta kuwa da sanda take tafiya. Ta gaji da tatsuniyoyin da gurgu ko dai mugu ne, ko kuma sai an miƙar da shi kafin ya ga alheri. Ran da ta tambaye ni ko ita ma sai ta warke za a so ta, sai na tura ta wajen Gwaggo.

"To yaya ta ƙare?" Auta ta matsa kusa.

"Ta haye kogin, ta ɗebo wa garinsu ruwa, ta dawo da doronta."

"Mijin fa?"

"Ji 'yar nema. Bari baiwar Allah ta sauke tulu tukuna. Saura gobe."

Washegari kafin hantsi Gwaggo ta cika. Na yi kuka kamar uwata ce ta tafi.

Mata suka cika ɗakin, har kan tarin ƙyallayen da ba ta gama ɗinkawa ba. Wata ta nisa ta ce, "Allah sarki, ta dai huta da kayan nan da ta ɗauka."

"Ba ta taɓa cewa ya yi mata nauyi ba," in ji Auta.

Ban tsawata mata ba.

Da jama'a suka ragu, yaran layi da suka saba sauraron Gwaggo suka leƙo, suna tambayar ƙarshen tatsuniyar. Auta ta jingine sandarta da keken, ta hau kujerar Gwaggo.

"Ta sauke tulun," ta ce, "kowa ya sha. Da doronta."

Hannunta yana cikin lotsawar da bayan Gwaggo ya bari a jikin matashin kujerar.