Bayan Tsohuwar Masaƙa

Aikin Yaya magana ce. Tana zaune a ɗakin rediyo na kamfanin motocin ɗaukar marasa lafiya, tana tura direbobi inda ake nemansu. Muryarta kan tashi daga turakun eriya uku a lokaci guda ta game gari. Sai dai inda saƙon turke biyu ya haɗu, kamar bayan tsohuwar masaƙa, muryar takan cakuɗe, sai ka ce mutum biyu na gardama a cikin durom. Direbobi sun san da haka, ragwayen cikinsu ma sun fi kowa sani, don akwai inuwa mai daɗi a wurin.

Ƙaninta Auta shi ke jan mota ta bakwai. Ita ta tsaya masa aka ɗauke shi, ita ke tare masa faɗa duk ranar da manaja ya taso.

Ranar da mahaifiyarsu ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, motar Auta ce mafi kusa. Dokar aikin kuwa ita ce ba a faɗin suna ko gidan mara lafiya sai direba ya amsa, tunda kowa na saurare. Yaya ta bi doka. Ta yi ta kiran mota ta bakwai har muryarta ta dishe, wayarsa kuma a kashe. Kafin wata motar ta ratso gari, bakin Mama ya karkace, rabin jikinta ya mutu. Auta ya yi kuka a asibiti, ya rantse yana bayan masaƙa, hayaniya kawai ya ji. Yaya ce ma ta riƙa rarrashinsa.

Shi ya sa da injiniya ya leƙo duba na'urori bayan wasu makonni, ta sauke masa kwandon masifa. Ta tambaye shi sai mutum nawa za su nakasa kafin a gyara bayan masaƙa.

Bawan Allah ya tsaya sororo. Ya nuna mata wani akwatin ƙarfe a kan kanta, ya ce tun kafin damina aka sa shi. Shi ke auna muryar kowane turke ya daidaita su da kansa, ba sai an murɗa da hannu ba. Ya ce ya gaya wa manaja, ya ɗauka kowa ya sani.

"Ai ƙanin naki ne ma ya kai ni gwaji, Hajiya. Muka tsaya bayan masaƙa, muna jin ki tar."

Yaya ta tuna yadda ta dafa kan Auta tana cewa ba laifinsa ba ne.

Da la'asar kira ya shigo. Ta danna makirfo ta nemi mota ta bakwai. Shiru, kamar kullum. Sai ta karya doka a karon farko, duk direbobi suna ji.

"Auta, na san kana ji na. Ran nan ma ka ji ni. Mama ce a kwance ranar."

Aka danna rediyo daga can. Numfashinsa ya fito tar, ba ko ɗigon hayaniya, sannan aka saki. Yaya ta jira kaɗan, ta ba mota ta huɗu aikin.