Ruwan da ke Ƙarƙashin Tukunya

"Duk wanda ya zuba wa shuka ruwa ta sama bai san shuka ba, bai san ruwa ba, kuma ina shakkar ko ya san kansa."

Malam Kamilu ya faɗi haka yana gyara karin hularsa a gaban madubi, sannan ya sake faɗa da murya mai kauri don ya ji wadda ta fi dacewa. Da wannan jimla zai buɗe jawabinsa yau a taron malaman aikin gona a Boɗinga. Shi ne malamin aikin gona na wata sakandare a Shagari, kuma rabonsa da fartanya tun ranar da aka ɗauki hoton ɗalibai a gonar makaranta.

Matarsa Bahijja tana durƙushe a ƙofar falo tana sa wa ɗiyarsu Salma riga. Ta haddace jawabin kaf. Ruwan da aka zuba ta sama yana wanke abincin ƙasa, yana ruɓar da ganye, yana mayar da saiwa malalaciya. Wanda aka zuba a faranti, tukunya tana zaune a ciki, shi ne ke sa saiwa ta miƙe ta nemi abincinta kamar kowane mai zuciya. Sau ɗaya ta taɓa tambaya, "To ruwan sama fa, Malam?" Ya ce wannan wani babi ne daban, kuma har yau ba a zo babin ba.

Tukwanen suna jere a jikin bangon falo, daga ƙofa har taga. Shuke-shuke ne masu faɗin ganye da ya sayo a Sakkwato, waɗanda ba su da suna da Hausa kuma ba a miya da su. Kowace tukunya tana cikin faranti, farantan kuwa na kayan ɗakin Bahijja ne, an cika gefensu da tsakuwa da guntayen bulo don kyau. Dokar ita ce kada faranti ya bushe, kada a ɗaga tukunya. Malam ne ya kafa dokar. Mai cika faranti kowace safiya ita ce Bahijja.

Gaskiya kuma shukar ta yi kyau. A tsakiyar bazara, lokacin da ko akuya ba ta samun abin ci a bakin titi, falon Malam Kamilu kore ne shar, da sanyi-sanyi kamar bakin rijiya. Wannan sanyin ne ya fara kawo baƙi. Kwaɗi suka shigo ta ƙasan ƙofa suka tare a farantai. Tsaka suka sauko daga silin. Har wani ɗan ɓera ya riƙa zuwa shan ruwa da rana tsaka ba kunya. Bahijja ta yi ta korarsu har ta gaji.

Sai kuma, a 'yan kwanakin nan, ta daina ganin kowa. Ba kwaɗo, ba tsaka, ba ɓera. Ba ita ta kore su ba.

"Malam," ta ce, "ƙarar nan ta dawo."

"Wace ƙara?"

"Ta ƙarƙashin babbar tukunya. Matsa ka ji."

Ya tattare babbar rigarsa ya matsa. Yana isa kusa abin ya fara: wata ƙara siririya, busasshiya, kamar an ɗiga ruwa a kaskon tuya mai zafi. Ta tsaya. Ya gyara ƙafa, ta sake tashi.

Fuskar Malam Kamilu ta washe.

"Allahu akbar. Bahijja, kin san abin da kike ji? Ƙasa ce ke shan ruwa. Busasshiyar ƙasa tana jan ruwa daga ƙasa zuwa sama. Turawa sun rubuta wannan, amma ban san ana jinsa da kunne ba."

"Ban zuba ruwa ba tukuna."

"Na jiya take ƙarasawa."

Ya ciro waya ya durƙusa, ya kai ta daf da bakin faranti ya danna ɗaukar murya. Bahijja ta ja Salma jikinta. Tana kallon yatsunsa, tana kallon duhun da ke tsakanin guntayen bulo, har ya miƙe lafiya.

Ita 'yar manoma ce daga Lambara. A gidansu akwai abin da ba a kiran sunansa a cikin ɗaki, don an ce yana amsawa.

"Malam, ni dai ina jin igiyar ƙasa ta."

"Igiyar ƙasa." Ya yi dariya ta hanci. "A gidan gwamnati mai siminti? Ke ko sunan abin ba ki iya faɗi, amma kin iya ganinsa ta cikin tukunya. Ki cika farantan kafin rana ta yi zafi. Kada a ɗaga mini ko ɗaya, saiwa ba ta son tashin hankali."

"A dawo lahiya."

Ya fita yana sauraron abin da ya ɗauka, yana gyaɗa kai.

Ba ta cika farantan ba. Ta goya Salma ta yi shara, ta bar gefen bangon nan da ƙurarsa. Ta yi wanke-wanke, ta ɗora tukunyar rana a madafa. Duk lokacin da ta ratsa falo sai ta bi ta ɗaya bangon, ta gefe, kamar mai wuce majalisar surukai. Gidan shiru. Ganyayen suna tsaye ba motsi, suna sheƙi, sun fi kowa a gidan ƙoshin lafiya.

Da rana ta take, zafi ya sa bayan yarinyar ya jiƙe da zufa har ta fara kuka. Bahijja ta sauke ta, ta shafa mata ruwa, ta kwantar da ita a tabarma a uwar ɗaka har barci ya ɗauke ta. Ta ja ƙofa ta koma madafa, don wake ya fara kamawa.

Tana cikin juya waken ta ji ƙarar ruwa. Fat. Fat. Sai dariya.

Ƙofar uwar ɗakan ba ta kama sosai, tun zuwansu ake cewa za a gyara. Salma ta rarrafo ta zauna a gaban babbar tukunya, tana dukan sauran ruwan faranti da tafin hannu. A ƙarƙashin dariyarta ɗaya ƙarar tana tashi, ba ta tsayawa yanzu, tana ƙara sauri.

Bahijja ba ta yi ihu ba. Ta tako a hankali, tana jin sanyin siminti a tafin ƙafarta. Sai ta gan shi. Ɗan ƙarami ne, launin ƙasa da ɗigo-ɗigo, ya nannaɗe tsakanin bulo da gindin tukunya yana goga jikinsa da jikinsa. Kububuwa. Kansa yana bin hannun yarinyar, sama, ƙasa.

Ta sa hannun dama a tsakani, ta fizge yarinyar da na hagu.

Abin bai fi sukar ƙaya ba. Har ta yi zaton ya kuskure ta, sai da ta ga ɗigo biyu a gefen tafin hannunta. Ta ajiye Salma a kan kujera, ta ɗauko taɓarya a bayan ƙofa, ta sauke ta a kan babbar tukunya da duk abin da ke ƙarƙashinta. Ta sake. Ta sake. Ƙasa baƙa ta watsu a falo, farar saiwa a cunkushe a gindin, ta miƙe ta nemi abincinta kamar yadda Malam ya ce.

Tana tsaye tana haki, abin yana murɗawa a ƙasa yana mutuwa, sai ta ji ƙarar ta sake tashi. Daga can ƙarshen jeri, wajen taga.

Ta ɗauki ɗiyarta, ta tura mushen cikin leda da bakin taɓarya, ta fita da baya. Ta kulle ƙofa ta ƙulle makullin a bakin zanenta.

Maƙwabciyarsu A'isha ma'aikaciyar lafiya ce, ranar tana hutu. Ta dubi hannun, ta leƙa ledar, fuskarta ta canza.

"Innalillahi. Cire awarwaron nan tun bai kumbura ba. Kada ki tsaga, kada ki ɗaure. Ina Malam?"

"Shina Boɗinga, wajen jawabi."

"To can za mu. Can ne nake da tabbacin akwai allurar dafin."

A'isha ta goya Salma, ta tsayar da wata mota da ta ɗauko albasa za ta Sakkwato, aka matsa musu a gaba. Ta yi ta kiran wayar Malam Kamilu, wayar a kashe. Mai jawabi ba ya barin waya ta katse shi.

Titi yana rawa da zafi. Hannun ya fara nauyi, ya yi kamar na wani aka ba ta riƙo. Kafin su wuce mararraba Bahijja ta ji ɗanɗanon ƙarfe a bakinta. Ta tofa a gefen mayafi, ta ga ja, ta naɗe wurin don kada direba ya gani ya ruɗe. Ta karɓi wayar A'isha ta kira wanta Maniru a Lambara.

"Yaya, gobe da sahe ka taho gidanmu da hauya da sanda. Tukwanen Malam duka za ka hitar waje ka hwashe. Akwai saura ciki. Kada ka sa hannu."

"Shi Malam ya sani?"

"Ni dai na ce."

A asibiti aka ɗebi jininta a 'yar kwalba aka ajiye a kan taga. Da ma'aikaciyar ta dawo ta karkata kwalbar, jinin ya gangara kamar zoɓo, bai daskare ba. Aka kawo allurar aka haɗa a cikin ƙarin ruwa, aka rataya a kan ƙarfe, aka nemo jijiya a hannun hagu. Na daman ya kumbura har gwiwa, ƙaramin yatsa ya fara baƙi. Likita ya dube shi ya ce za a ga abin da Allah zai yi da yatsan, irin maganar da ake yi idan an riga an gani.

Bayan la'asar, da saƙon A'isha ya iske shi, Malam Kamilu ya shigo da sauri, hula a karkace, abokin aikinsa Malam Idris yana biye. Da ya ga hannun sai ya dafa ƙarfen gado. Ya karɓi Salma daga wurin A'isha ya juya ta gaba da baya yana duba ƙafafunta, ya rungume ta. Bahijja ta ga tsoro na gaske a idonsa, ta kuma ga wani tsoron a bayansa yana leƙowa.

"Sannu, amarya," in ji Malam Idris. "Allah shi ba da lahiya. Ina abin ya same ki haka?"

Malam Kamilu ya dubi Bahijja kawai. Bai fi awa biyu ba da ya tsaya a gaban malaman ƙananan hukumomi yana ba da misali da falonsa.

"Wajen itace na," ta ce. "Bayan madafa."

A'isha ta buɗe baki. Bahijja ta juyo da ido, A'isha ta rufe bakin.

"Itace!" Numfashin Malam Kamilu ya dawo, muryar jawabi ta biyo shi. "Malam Idris, na sha faɗa mata. Tara itace a jikin bango, a wannan zafin, gayyata ce. Amma mata sai abu ya faru."

"Haka ne," in ji Malam Idris. Ya dubi hannun, ya dubi ƙasa baƙa da ta maƙale a bakin zanenta, ya ce zai je masallaci.

Malam Kamilu ya ja kujera ya zauna. Ya daɗe yana bin robar ƙarin ruwan da ido, daga leda har inda ta shige fata.

"Kin gani ko? Ko likitoci, idan abu ya yi tsanani, ba ta baki suke ba da ruwa ba. Ta saiwa suke bi." Ya gyara hula. "Ba ni makulli in je in ɗauko miki kaya. Na san ba ki samu kin cika farantan ba, sai in cika kafin magariba."

Ta san yadda zai yi. Zai ga babbar tukunya a fashe, zai ji ƙarar wajen taga, zai durƙusa ya zura hannu don ya tabbatar wa kansa.

"Ya hwaɗi a hanya, Malam. Ban san inda ba."

"Makullin gida? Haba Bahijja. Itace, yanzu kuma makulli."

"Ka yi haƙuri."

Makullin yana ƙarƙashin cinyarta, yana cizon fata. Gobe kuma akwai maganar tukwane, ita ma za ta zo kanta. Ta lissafa ta a cikin kayan da za ta ɗauka ta ajiye gefe.

Ya yi tsaki mai taushi, na wanda ya yafe. Don ya faranta mata rai sai ya ciro waya.

"Ba ki tambaye ni taro ba. Da na sa musu wannan, ɗakin ya yi tsit. Saurara."

Ya danna. Siririyar ƙarar ta fito, busasshiya, ta bi ɗakin marasa lafiya gado bayan gado. Wata tsohuwa da ke zaune a gadon kusa, ƙafafunta a ƙasa, ta daina tauna goro. A hankali ta janye ƙafa ɗaya ta ɗora a kan katifa, sannan ɗayar.

"Kin ji yadda take sha?" in ji Malam Kamilu.

Bahijja ta gwada motsa ƙaramin yatsanta, bai amsa ba. Ta lumshe ido.

"Awo, Malam. Tana sha."