Murfin Kyamarar Babayo

Duk Ƙofar Ran babu wanda bai san Babayo Mai Hoto ba, wanda kuwa bai sani ba, Babayo da kansa zai gaya masa. Bai taɓa zama a aji ba, amma shekara hamsin ke nan yana ɗaukar hoto da kyamarar fim, zallar ƙarfe, babu batir. Ta wata 'yar taga ake leƙawa, a ga mutum ya rabu biyu, a murɗa har ya haɗe. Waya ta kori abokan sana'arsa kaf, shi yana nan daram.

Adekunle, mai gyaran kyamara a unguwar Ɗan Iya, shi ke wanke masa fim. Kullum sai ya ce, "Baba, an ƙera sabuwa irin taka. Ta fim ce ita ma, sai dai tana da batir. In haske bai shiga ba, jar wuta za ta kama."

"Ƙarfen da zai koya mini haske ba a ƙera shi ba tukuna," in ji Babayo.

Sai ga bikin sunan tattaɓa-kunnen Abdulsalami, amininsa tun suna yara. Jiki ya ƙi Abdulsalami, a kwance yake wuni, jaririn kuma ran Juma'a za a wuce da shi Yola. Ya ce hoto ɗaya yake so da yaron a cinyarsa, kuma na Babayo, wanda ake riƙewa a hannu.

Babayo ya zo da babbar riga, ya kori masu waya gefe, ya leƙa, ya murɗa, ya danna har sau goma sha biyu.

Ran Laraba Adekunle ya ɗaga fim ɗin sama. Wayam, ko inuwa babu.

"Baba, ba ka cire murfin ido ba."

Irin wannan kyamara, tagar leƙawa daban, idon ɗauka daban. Ko ido na rufe, mai ɗauka ganin komai yake tas. Babayo ya buɗe baki zai ɗora wa fim laifi, ya rufe. Ya hau keke napep sai gidan Abdulsalami.

"Abdu, na yi abin kunya."

"Murfi ko?" Abdulsalami ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ai na gani. Kowa ma ya gani."

"Kuka yi shiru?"

"A gaban surukai wa zai gyara wa Babayo? Kai da ka ce a duhu ma kana ɗauka."

"Tsohon banza. Miƙo hannu."

Babayo ya danƙa masa murfin, aka kawo jariri, aka jingina tsoho da filo kusa da ƙofa inda haske ke faɗowa. Sau uku kawai ya danna.

Ran Alhamis hoto ya fito: Abdulsalami na murmushi, yaro a cinya, murfi a hannunsa na hagu. Babayo ya daɗe yana kallo, sannan ya matsa kusa da Adekunle, ya yi ƙasa da murya.

"Kunle, jar wutar nan, mutanen da ke gaba suna ganinta?"

"A'a, mai leƙawa kaɗai."

"To ajiye mini sabuwar in duba mata kurakurai. Tawa dai kada ka taɓa."

Ya sa hoton a aljihu, ya tare keke.