Shafin Ranar Laraba

"Duba shafi na shida," in ji Mai Jarida. "Can suke cusa irin namu, ƙarƙashin tallan siminti."

Na duba, babu. Ina tsugune bakin katifarsa da jaridu bakwai a cinyata, shi kuwa yana jan numfashi da ƙyar, hannu dafe da haƙarƙari. Kwana tara ke nan muna wannan aiki.

Bango ɗaya ya raba shagon ɗinkina da ɗakinsa. Shekara huɗu yana yi wa wata malamar jami'a aiki. Duk labarin zanga-zangar da ya fito a jarida sai ya yanke, ya manna a wani ƙaton littafi, ita kuma ta zo ta ƙirga, wai bincike take yi. Da almakashina yake yankan! Sau nawa na ce masa takarda tana cin kaifi, sai ya washe baki ya ce, "Haba Tela, ilimi kike yi wa hidima." Har haddace maganar Malama ya yi: abin da jarida ba ta buga ba, ba ya shiga littafi.

To, ranar Laraba masu teburan bakin titi suka fito zanga-zanga saboda an rushe musu rumfuna, har da tasa. Da idona na gani, mutane tun daga gada har gidan mai, ba wanda ya ɗaga ko tsakuwa. Sai ga motocin 'yan sanda biyu. Aka harba hayaƙi mai sa hawaye, aka bi mutane da kulki kamar an samu jakuna. Mai Jarida ya faɗi, ƙarti uku suka rufe shi da takalmi. Dattijo ɗan shekara sittin! Allah ya isa.

A asibiti suka ba shi ƙwayoyi suka sallamo shi. Ko riga bai cire ba ya sa matarsa ta buɗe sabon shafi a littafin, ya rubuta "Laraba" da kwanan wata, ya bar filin manna labari.

"Gobe za su buga," ya ce. "Na ga 'yan jarida biyu a wurin, kuma sun san ni."

Sun buga kuwa. Hoton wani mai tumbi yana yanka ƙyalle, wai an buɗe titi mai tsabta.

Na ninke jarida ta bakwai ɗin da ke cinyata na ajiye.

"Babu ko?"

"Babu."

Ya juya ya fuskanci bango. "Shekara talatin ina sayar da su, Tela. Rana ɗaya tak na nema a wurinsu."

Kafin rana ta take, rai ya yi halinsa.

Malama ta zo bayan kwana uku. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta yi kuka sosai. Amma ni zuciyata tafasa take. Na tura mata littafin a buɗe.

"Sa labarinsa a ciki," na ce.

"Yaya, wallahi na yarda da ke. Sai dai ƙa'idar aikin, sai abin da aka buga. In na karya ta sau ɗaya, za a ce duk littafin shaci-faɗi ne."

"Wato su daka shi, jarida ta yi gum, ke kuma ki zo ki ƙirga shirun? Ni ganau ce, ba jiyau ba!"

"Zan yi ɗan bayani a ƙasan shafi..."

"A ƙasa? Ƙarƙashin tallan siminti?"

Ta sunkuyar da kai.

Matarsa ta tashi ta ciro rigarsa daga ƙarƙashin matashi. Ba a wanke ta ba. Ga sawun takalmi ɓaro-ɓaro a gefen ƙirji, ga jini ya bushe. Ta miƙo mini ita tare da almakashina.

Almakashin ya dakushe, tauna yadin kawai yake, sai da na sa ƙarfi. Na yanko wurin sawun, daidai faɗin filin da ya bari. Matarsa ta shafa gam har kusurwoyi, yadda ta saba ganin yana yi, ta manna ƙarƙashin rubutunsa.

Iskar taga tana ta ɗaga takardar. Malama ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsu biyu ta danne gefen shafin, muka zauna muna jiran gam ya bushe.