Injin Ɗumi Ranar Dawowar Arnfinn

…kuma sai yau! Duk kwanakin duniya injin nan bai tashi gardama ba sai ranar da mijinta zai dawo gida. Torunn na tsaye tsakiyar falo, rimot a hannu, ta ƙura wa farin injin ɗumin da ke manne can saman bango ido. Bakinsa a buɗe, yana ta huci, amma iskar sanyi ƙalau. Ta ɗaga tafin hannu. Sanyi. Ta sauya hannu, ko wancan ne ke mata ƙarya…

Zai dawo! Arnfinn zai dawo! Tun kaka yake asibiti, tun safiyar da cokali ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace, tana kiran sunansa yana kallonta kamar… a'a. Ba yau ba. Yau ga gadonsa an sauko da shi falo, jikin taga, inda zai riƙa hango jiragen kamun kifi. Naman rago da kabeji na kan wuta, ƙamshin masoro ya cika gida. Har jan baki ta shafa. Tsohuwa da jan baki! Zai yi mata dariya da rabin bakin nan nasa, ta sani.

Amma sanyin nan fa? Ma'aikaciyar jinya da bakinta ta ce ɓarin da ya shanye ba ya jin sanyi, ba zai yi ƙorafi ba, sai dai ya kwanta ciwo. In gidan ba ɗumi, gara ya ƙara kwana wajensu. Ya ƙara kwana? Wa zai gaya masa? Mutumin da tun jiya ya sa aka ɗaure masa jaka?

Murhun itace — an hana kunna shi, bututun hayaƙin ya tsage. Mai gyara — ta kira, wai sai Litinin. Litinin!

To, a bi a hankali. Rimot tukuna. "Hoton rana, Torunn. Rana ita ce ɗumi. Wancan mai kama da tauraro kada ki taɓa shi." Shekara da shekaru Arnfinn na faɗa, amma ko sau ɗaya bai bar rimot ɗin ya kwana a hannunta ba. Ina tabarau? Ga shi a kanta. Rana ce. Lamba ma tana sama. Ashe ba nan ba ne.

Matatar iska! Ai yakan ciro wasu raga-raga daga ciki. Kujera… gwiwar nan, ki yi haƙuri yau kaɗai… murfin ya ɗago. Kai! Ƙura da gashin kyanwa sun yi kirtif kamar bargo. Tun kaka ba wanda ya leƙa. Ruwan famfo, a karkaɗe, a goge, a mayar. Ta danna. Iska ta ƙaru, har labule na rawa. Shi ke nan, ta gano, ita kaɗai ta gano!

Sanyi. Ya ma fi na ɗazu.

Waya na ƙara. Ingunn ce, 'yarsu.

"Mama, mun hau jirgin fito. Baba sai tsokanar ma'aikata yake."

Can bayanta muryarsa, kalmomin na jan ƙafa: "Ce mata… kofi."

"Ji tsohon nan! Bai taka gida ba har ya fara ba da oda?"

Dariya take, idonta na ruwa, ta kashe wayar. Ba ta faɗa musu ba. Me za ta ce? Daga mashigar jirgi zuwa nan kuwa ba nisa, ga Ingunn da gudu a mota…

Waje! "Rabin injin a waje yake, a can yake ɗebo ɗumin." Ɗumi daga cikin ƙanƙara? Ranar da aka kafa shi ta ce masa an dai yi masa wayo, ya yi fushi har ya ƙi cin abinci, daga baya ta kama shi zaune ƙarƙashinsa da 'yar singileti, yana mata gwalo. Takalmi — ba lokacin safa. Bayan gida.

Ina yake? Ina injin? Tudu ne kawai fari fat. Ashe ƙarar da ta ji jiya, dim, dusar ƙanƙara ce ta zamo daga rufi ta binne shi. Yaya zai yi numfashi? Ko mutum ne ai… "Zan yi masa 'yar rumfa kafin sanyi ya shigo." Katakon na nan a gareji, a yanke, a jere. Kafin sanyi, Arnfinn? Ga sanyi.

A kashe shi tukuna. Shebur. Ɗebo, watsa. Ɗebo, watsa. Bayanta na ƙara, numfashinta na hayaƙi, amma wani daɗi ke taso mata tun daga ciki, kamar yarinya. Ga kusurwa! Ga ragar fanka! Sauran da hannu, kada ta ji masa ciwo. Bayansa ƙanƙara ta daskare kamar ɓawon gishiri. Ta ɗaga shebur — "Kada ki kuskura ki sa masa ƙarfe!" To, na ji, na ji. Ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Bokiti na fantsama a siket ɗinta mai kyau, wanda ta sa dominsa. Ƙanƙara na tsagewa, tana sulalewa ƙasa, fale-fale.

Ciki, ta danna, ta dawo waje a guje. Yana gurnani… fanka ta motsa… tana juyawa! Tana juyawa! Ihu ta yi, ita kaɗai a bayan gida, hankaka ya tashi daga kan shinge.

Sai ya tsaya cak.

Hayaƙi? Fari, yana tashi daga bayansa. Ta ƙona shi. Wayyo, ta zuba wa wuta ruwa, ta ƙona… a'a, tsaya. Ba ƙauri. Tururi ne. "In ya yi shiru yana tururi, ragowar ƙanƙararsa yake narkarwa. Ki bar shi ya gama wankansa." Ga ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis. Wanka yake. Sai jira.

Ta durƙusa cikin dusar, hannuwa jajur. Ashe duk tana jin abin da yake faɗa. Duk surutun nan da take cewa ya isheta, ashe ya zauna. To makunnin ruwa fa, da yake rufewa in sanyi ya tsananta? Tayoyin mota? Tsani, rufi, kwalekwale? Zai gaya mata daga kan gado, kalma-kalma, ita ce za ta fita. Zai dawo, i, amma hannun da ke riƙe shebur ɗin nan…

Ƙarar mota a hawan tudu. Su ne? Su ne! Ingunn na danna oda tun daga kwana.

Ta shiga ta taɓa iskar, ko ta tarye su? Fankar ba ta tashi ba tukuna. Ta dafa shebur za ta miƙe, gwiwa ta ƙi. Daga nan tana hango ƙofar gida, da gangaren katakon da aka kafa wa kekensa na guragu — fari fat, ko sawu ɗaya babu, dusar ta kai ƙwauri.

An buɗe ƙofar mota. Yana kiran sunanta, a karkace, da ƙarfi…