Tashi Biyar Daga Kujera

Shekara arba'in Kafinta yana ƙera wa mutane kujeru, sai ga shi ranar wata Talata kujerar asibiti ta riƙe shi ta ƙi saki. Likitar da ke kula da cutar dajin da ke hanjinsa ce ta sa shi ya harɗe hannu a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar ba tare da ya dafa komai ba. Biyu ya yi. A na uku ya maƙale a hanya, matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta zabura ta tallabe shi.

Likita ta ce magani yana aiki, ƙarin da ke hanjin yana ja da baya, amma tsokar jikinsa na zubewa. In bai iya biyar ɗin ba nan da mako shida, dole a dakatar da maganin, don jikin ba zai ɗauka ba.

Inna ta ji tsoro, ta kuma ji haushi. Ita da ke ɗura wa mutumin nan abinci sau biyar a rana? Tun da ya kwanta ta kulle akwatin kayan aikinsa ta ɓoye makullin, ta hana shi ɗaukar ko da tsinke. Takalmi ma ita ke sa masa. In hutu da ƙoshi suna gyara mutum, ai da tuni ya ɗaga mota.

Ranar Asabar sai ga Auta, ƙaramar 'yarsu, wadda ke binciken tsoka a jikin ɓeraye a ɗakin gwaji na jami'a. Uban ba ya kiranta komai sai likitar ɓeraye. Ta tarar da shi a falo an jera masa matasai ta ko'ina, Inna na tsaye a kansa da cokali.

"Ke da kika yi karatun," in ji Inna, "faɗa mini, ina abincin nan yake zuwa?"

Auta ta ja kujera ta zauna. "Baba, a shago in kujera ta mutu murus, ya kake yi da ita?"

"Jan alli zan sa mata. Ranar da na samu lokaci in ɓaɓɓalle ta, in tsinci abin da zai yi amfani."

"To haka jiki yake yi. Zaren tsoka da sunadarin furotin aka gina shi. In wani ya tsufa, sai a manna masa 'yar alama, wani ɗan inji da ke cikin ƙwayar tsokar ya gani ya daddatse shi, a ƙera sabo. Kullum ana yi, har a jikin mai lafiya. Shi kuwa ƙarin nan, da kumburin da yake jawowa, saƙo suke zubawa cikin jini. Saƙon sai ya haukata masu sa alamar, su yi ta shafa wa lafiyayyu jan alli, masu ƙira kuma ya sa musu kasala."

Kafinta ya gyara zama. Rabon da a yi masa maganar da ta shafi shago an kwana biyu. "Wato Innarki katako take ta lodawa a shagon da ake ɓarna."

"Katakon ma ana buƙata, kada a daina. Ƙwai, madara, wake, kifi. Amma shi kaɗai ba ya hana allin."

"Me ke hana shi?" Inna ta tambaya.

"Babu abin da ke hanawa gaba ɗaya, shi muke nema a wurin aiki. Sai dai tsokar da ake mora tana aika nata saƙon, ta rage masu alli, ta tashi masu ƙira. Wadda aka ajiye kuwa, ita ake fara ci."

Inna ta dubi matasan, ta dubi cokalin da ke hannunta. Wata uku tana tsare mijinta da dukan ƙarfinta, ashe tana taya cutar ne. Abin ya soke ta sosai. Ta shiga ɗaki ta ɗaga katifa, ta fito ta ajiye makullin a cinyarsa.

"Ashe a kansa nake kwana," in ji Kafinta.

Da yardar likita, mai gashin ƙashi na asibiti ya tsara masa abin da zai riƙa yi: jan wata igiyar roba, tafiya zuwa bakin titi da dawowa, tashi da zama safe da yamma. Shi kuma ya ƙara nasa, ya jawo wata tsohuwar kujera tsakar gida yana goge ta da sanfefa. Inna ce ta sha wuya. In ta ga ya sunkuya yana kokawa da takalmi, hannunta har ƙaiƙayi yake. Da ta matso sai ya ce, "A'a, Inna, za ki sa mini jan alli?" Har ya maida abin tsiya, kwanon da ta ɗauko ma sai ya karɓe, wai umarnin likitar ɓeraye ne.

Ba wai damatsansa sun dawo ba ne. Rigunansa suna nan suna lilo a jikinsa, wasu ranakun kuma magani ya kayar da shi, ko robar ba ya iya kallo. Amma ukun da ya gagara ya samu a mako na uku, huɗu kuwa wata rana ta zo, wata rana ta ƙi.

Ranar komawa asibiti aka ajiye masa kujerar nan dai a tsakiyar ofis. Inna ta zauna a benci kusa da shi. Ya harɗe hannu. Ɗaya. Biyu. Uku. A na huɗu ya yi nishi, amma ya miƙe. A na biyar ya tsaya cak a rabin hanya, gwiwoyinsa na karkarwa, jijiyar wuyansa ta fito. Inna ta ji hannayenta sun tashi da kansu. Ta kama su ta cusa ƙarƙashin cinyoyinta, ta zauna a kai da dukan nauyinta, tana addu'a a zuci, idonta cike da ƙwalla.

Ya miƙe.

Likita ta yi murmushi ta rubuta ranar ci gaba da magani. Kafinta, yana haki, ya juya ya girgiza kujerar, ya ce ƙafar baya ta saki, a kawo masa ita gida ya ɗaure.

"Tashi mu tafi," ya ce wa Inna.

Ta yunƙura ta kasa. Hannayen sun yi sanyi, ƙafafun sun mutu don tsoro. Kafinta ya dube ta, ya dubi likita.

"Likita, wannan ko ɗaya ba ta yi ba."

Ya miƙa mata hannu, siriri, duk ƙashi. Ta kama, ta sakar masa nauyinta, ya ɗago ta.