Ƙarar da Ke Ƙirjin Mai Gyaran Takalma

Wata siririyar ƙara ce ta tashi mai gyaran takalma daga barci a wani dare. "Fiiit," ta ce, ta yi shiru, can kuma ta sake cewa "fiiit." Ba kukan gyare ba ne, ba kuma na ɓera ba. Ta fi kama da ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa amma yana jin kunyar ɗaga murya.

Matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu. "Maigida, 'yan tsakin maƙwabciya sun sake shigo mana."

Suka kunna fitila, suka leƙa ƙarƙashin gado, suka zazzage kwandon wanki, suka duba bayan ƙofa. Duk inda ya nufa, ƙarar na biye da shi. Can matar ta tsaya ta ƙura masa ido.

"Riƙe numfashinka."

Ya riƙe. Ɗaki ya yi tsit.

"Saki."

"Fiiit."

Ta kara kunnenta a ƙirjinsa, ta ɗago da ido waje. "Daga cikinka take fitowa!"

Sai mutumin nan ya zauna a bakin gado, ya dafe ƙirji da hannu bibbiyu, fuskarsa ta washe kamar an ba yaro sabon keke. "Tsohuwa," ya ce, "ya amsa."

Ga abin da ya sa ya faɗi haka. Tun yana saurayi aka yi masa baftisma, tun lokacin kuma yake jin wa'azi cewa mai bi yana cikin Mai Ceto, Mai Ceto kuma yana cikin mai bi. Maganar nan tana yi masa daɗi, tana kuma hana shi sakat. Wasu a majami'a sukan tashi su ba da shaida, wannan ya ce ya ji zafi a zuciya, waccan ta ce tsigar jikinta ta tashi. Shi kuwa ko ƙaiƙayi bai taɓa ji ba. Yakan zauna a rumfarsa ta bakin titi, takalmi a cinya, ya kasa kunne cikin kansa, ya ji shiru kamar gidan da masu shi suka ƙaura. Da safiyar ranar da ƙarar ta fara, ya yi addu'a ya ce, "Ya Yesu, gashina ya yi fari. In kana nan ciki, ɗan yi motsi mana, ko gyaran murya ne."

A ranar kuma wani abu ya faru wanda bai ɗauke shi a bakin komai ba. Shi mutum ne da ya mai da leɓɓansa aljihu. Ƙananan ƙusoshi, zare, maɓalli, duk a baki yake riƙe su in hannuwa na aiki. Ran nan yana gyaran takalman yara, irin masu ɗan usur a diddige da ke kuka in yaro ya taka, ya jera 'yan usur ɗin a leɓe. Sai tayar wata mota ta fashe a gabansa. Ya zabura, ya shaƙe, ya yi tari har da hawaye, ya sha ruwa, ya ci gaba da aiki. Kafin magariba ya manta.

Kashegari unguwa ta ga sabon mutum. Ya fito yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da madara. Ya daina cewa "ni", ya koma cewa "mu". Maƙwabciyarsu mai kiwon kaji ta leƙo ta saman katanga ta gaishe shi, ya ce, "Mun kwana lafiya, mun gode."

"Ku da wa, Baba?"

Ya ja numfashi. "Fiiit."

"Kin dai ji da kunnenki," ya ce, ya wuce yana dariya.

A rumfa hira ce ta ɓarke tsakaninsa da ƙirjinsa. Yakan ɗaga tsohon takalmi ya ce, "Ubangiji, wannan zai gyaru kuwa?" In ƙarar ta fito doguwa, to, zai gyaru. In ta fito gajeriya, sai ya ce wa mai takalmin ya yi haƙuri. Abin mamaki, mutumin ya gyaru da kansa. Ya daina zagin masu babur da ke watsa masa ruwan kwata, don a cewarsa ba a zagi a gaban babban baƙo. Ya daina yi wa mutane alkawarin gobe alhali ya san sai jibi. Da ya hangi wata tsohuwa tana jan silifa tsinkakke, ya bi ta da gudu ya ɗinke mata a tsaye, ƙirjinsa na ta fito kamar tsuntsu a keji.

Ranar Lahadi, da Fasto ya ce kowa ya sunkuyar da kai a yi addu'a cikin zuciya, majami'a ta yi tsit, sai "fiiit" daga benci na baya. Iyaye mata suka fara duba ƙafafun 'ya'yansu. Wata ta cire wa ɗanta takalmi ta cusa a jaka. "Fiiit." Mawaƙa suka toshe baki da gefen riga, kafaɗunsu na rawa. Shi kuwa idonsa a rufe, hawayen daɗi na bin kumatunsa.

Bayan sujada Fasto ya ja shi gefe. "Baba, na yi murna da murnarka. Amma ka je likita ya duba ka."

"Fasto, ba kai ka ce yana cikinmu ba?"

"Ni na ce, kuma ban janye ba. Amma ban ce yana busa usur ba."

"To, kowa da irin muryar da aka yi masa magana da ita. Ni mai takalma ne."

Fasto ya tafi yana sosa ƙeya.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya shigo. Tari ya ƙaru, abinci ya daina shiga, ƙarar ma ta dushe kamar an jiƙa ta. Matar ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ya ce ba inda za shi, don ya san halin likitoci: da sun ji abu na ƙara sai sun kashe shi. Shekara da shekaru yana jiran amsar nan, ba zai kai ta a yi mata allura ba.

Da ta ga haka sai ta sauya dabara. Ta zauna kusa da shi tana fifita masa shayi. "Maigida, an ce a asibiti akwai injin da ke ɗaukar hoton cikin ƙirjin mutum. Komai da ke ciki sai ya fito."

Ya ɗago kai. "Komai?"

"Komai da komai."

"Tsohuwa, goge mini rigar nan tawa ta zuwa biki."

Haka ya tafi, ya taje gemu, ya goge takalmi har yana ɗaukar ido, ya fesa turare a ƙirji. Da mai ɗaukar hoton ya ce ya tuɓe riga, ransa ya ɗan sosu, amma da aka ce ya tsaya cik, sai ya tsaya ya saki murmushi har kunne, ya raɗa wa ƙirjinsa, "Mu gyara tsayuwa."

Likitar mace ce mai fara'a, tsarar 'yarsa. Ta ɗaga hoton a gaban haske. Ya matso kusa. Ya ga haƙarƙari jere kamar tsani, ya ga wani duhu-duhu kamar hadari, ya nemi fuska bai gani ba. Likita ta sa bakin alƙalami a kan wani ɗan ƙulli.

"Baba, me kake sa wa a baki in kana aiki? Wannan abin ya toshe maka hanyar iska, har wurin ya fara ruɓa. Dole a cire shi yau."

Ya dubi matarsa. Ta kama hannunsa ta matse. Ƙarfin gardama ya riga ya ƙare masa.

Aka sa shi barci, aka zura wata siririyar roba mai fitila ta maƙogwaronsa, aka zaro abin. Da ya farka, abu na farko da ya yi shi ne jan numfashi. Iska ta shiga sumul, ta fita sumul. Ya sake ja. Shiru. Likita ta miƙo masa wata 'yar kwalba, a ciki ga ɗan usur na roba, ja, har da shatin haƙorinsa a gefe.

"Nawa ne," ya ce a hankali. "Na takalmin yara ne."

Jiki ya warke, amma mutum ya zama kamar lemar da aka naɗe. Ya koma cewa "ni". Yakan zauna a rumfa ya yi ta kallon titi. Ba dariyar mutane ce ta dame shi ba, don ya saba da ita. Abin da ke cinsa shi ne, in ƙarar nan roba ce, to, gidan nan na ƙirjinsa kango ne tun farko, shi kaɗai ya yi ta surutu a ciki.

Wata rana da hantsi, wani ma'aikacin ofis ya zo da baƙin takalmi sau ciki, ransa a ɓace.

"Baba, ka raba ni da abin kunyar nan. Duk inda na taka sai ya yi ƙiiƙ, ƙiiƙ. In na makara, tun daga ƙofa shugabana ya san na iso."

Mai gyaran takalma ya karɓa, ya lanƙwasa shi kusa da kunne, ya sa babban yatsa ya ɗan ɗaga gefen. "Ka gani? Fata da tafin ba su kama juna ba. Iska ce ke shiga tsakaninsu tana kuka."

Ya ɓamɓare tafin, ya kankare tsohon gam, ya goge datti. Ya shafa sabon gam a fata, ya shafa a tafi, ya ajiye su gefe da gefe.

"Haɗa su mana, ina sauri," in ji ma'aikacin.

"A'a, ɗana. Sai sun sha iska tukuna. In ka haɗa da ɗanyen gam, gobe ka dawo."

Da gam ya yi daidai, ya haɗa su, ya ɗora a kan ƙafar ƙarfe, ya bi gefe-gefe da guduma. Ma'aikacin ya sa, ya taka zuwa bakin kwata ya dawo, ya yi tsalle, ya murza diddige.

"Kai! Ko tari bai yi ba!"

"Ina zai yi? Ai wanda ya kama da kyau ba ya ƙara. Babu sauran fili a tsakani da..."

Maganar ta tsaya masa a baki. Guduma ta zame daga hannunsa ta faɗi. Ya dubi takalmin, ya dubi ƙirjinsa, ya sake duban takalmin. Sai ya ja numfashi mai tsawo, ya kasa kunne, ya ji shirun nan da ya daɗe yana tsoro. Wata dariya ta taso masa tun daga cibiya.

"Baba, lafiya?"

"Babu fili!" ya ce, ya rungume ma'aikacin da hannu duk gam. "Ɗana, babu fili a tsakani!"

Ya bar rumfa a buɗe, ya kama hanyar gida da gudu-gudu sauri-sauri, zaren ɗinki na jan ƙasa daga aljihunsa. Ya tarar da matarsa tana shanya a tsakar gida.

"Tsohuwa! Ni da nake gyaran takalma tun ba ki iya ɗaura ɗankwali ba, ashe ban san aikina ba! Wa ya taɓa jin tafi yana kiran fata? In suna kiran juna ai sun rabu ke nan. Shekarun nan duka ina cewa ya yi motsi, ya yi motsi. Ta ina zai motsa, ya manne?"

"Zauna ka huta, kada zazzaɓin ya dawo."

"Wa ya hana ni zagin masu babur? Roba? Wa ya kora ni bayan tsohuwar nan mai silifa? Robar da ko kunne ba ta da shi?"

Matar ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu. Ta yi niyyar yi masa tsawa, sai bakinta ya ƙi, dariya ta kuɓuce mata. Ya ƙwace zanen ya rataya a wuya, ya kama hannuwanta, ya fara juyi da ita a tsakanin igiyoyin shanya. Ya shuri bokiti, ruwa ya malale, suka bi ta ciki suna fantsama. Yana rera waƙar da ba ta da kai ba ta da gindi, ta yabo ce rabi, rabi kuma sunayen kayan aikinsa ne, basilla da guduma da gam, duk yana ce musu su yi godiya.

"Gwiwata, Maigida! Za ka karya ni!"

"Mu ma tamu tana ciwo, amma ba za mu tsaya ba!"

Hayaniyar ta firgita kajin maƙwabta, suka hau kyarkyara. Maƙwabciya ta taka turmi ta leƙo ta saman katanga, tsintsiya a hannu, ta ga tsofaffi biyu jiƙe sharkaf suna tsalle. Matar ta yi mata bayani cikin haki, rabi magana rabi dariya, cewa ba ƙarar ce ta dawo ba, wai yanzu ya gane shi yana cikin Mai Ceto, Mai Ceto yana cikinsa, babu ko tsaga.

Maƙwabciya ta jingina haɓa a kan katanga, ta daɗe tana kallon ƙafafunsa suna dukan ruwa.

"To, Baba," ta ce, "in haka ne, a cikinku wa ke wannan rawar?"